Laifina Kwana Takwas a Gidan Matata

Jama'a, ranar Alhamis da misalin ƙarfe goma na safe aka sanar da ni cewa na yi wa gwamnati laifi. Ni fa, Merle Tikkanen, mai shekara sittin da uku a duniya, ashirin da takwas daga ciki ina tuƙa motar share ƙanƙara ta garin nan, wanda bai taɓa ture akwatin wasiƙar kowa ba sai guda huɗu, su ma masu su ne suka kafa su a tsakiyar hanya. Laifin nawa kuwa, wai na kwana a gidan matata.

Wadda ta yi mini wannan albishir ita ce Lorna Kangas, mai cika wa mutane takardun haraji a ɗan ɗakin nan na bayan shagon fenti. Kun san Lorna. In za ta faɗa maka mummunan labari sai ta fara cire tabarau ta goge shi da gefen riga. Ina miƙa mata takarduna na ga ta kai hannu ga tabarau, nan take na san ba lafiya.

Tunda a garin nan ko tari ka yi sai an ji a coci, ba sai na ɓoye muku komai ba. Ni da Arlys mun yi shekara talatin da shida da aure, amma a lokacin wata goma sha biyar ke nan ba ma kwana a gida ɗaya. Kuma laifina ne, ba na musu. Na yi mata alkawarin ina cika sittin da biyu zan ajiye aiki, mu riƙa tafiya wurin 'yarmu Janine can kudu mu yi hunturu a inda mutum zai fita waje ba tare da gashin hancinsa ya daskare ba. Har ta sayi akwatin tafiya. Ni kuma ana gobe zan faɗa wa shugaban aikinmu na gama, sai ya ce ba su da direba, ya turo mini takardar ƙarin shekara uku, na sa hannu. Ban gaya mata ba. A bakin matar shugaban ta ji, a layin biyan kuɗi na kanti. Da na dawo gida ta ce tunda motar na aura, in je in kwana da ita. Motar ba ta da gado, shi ya sa na sauka a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na abokina Duane Pelkie, kusa da injin wanki.

Duk tsawon lokacin nan ina son in koma gida. Ga shi na rubuta a jarida, abin da na kasa buɗe baki in faɗa mata wata goma sha biyar.

To, ga yadda gwamnati ta shigo cikin zancen. Masu Girma Marubuta Ƙa'ida, Allah ya ƙara musu tawada, sun tanadar wa talaka asusun ajiyar tsufa iri biyu. A na farko ka zuba kuɗinka su yi kamar ba su gani ba, su jira ka tsufa, gwiwa ta mutu, sannan su zo su karɓi rabonsu. A na biyu su yanki nasu tun yau, su yi maka alkawarin ba za su ƙara waiwayarka ba. Ni mutum ne mai son in biya in huta, don haka na zaɓi na biyu, wato asusun biya-yanzu. Bara duk kuɗin ƙarin awoyin da na samu a manyan guguwoyin ƙanƙara na tattara, dala dubu takwas cif, na zuba a ciki. A raina kuɗin nan ban-haƙuri ne. Na ce ranar da na ajiye aiki zan ɗora mata takardar a kan tebur ta ga ban manta da kudu ba. Wannan ma ban gaya mata ba. Kun dai fara gane irin mutumin da kuke karantawa.

Lorna ta gama goge tabarau ta mayar.

"Merle, bara kun zauna da Arlys a gida ɗaya?"

"Haba Lorna, kin fi kowa sanin amsar. Ba ke kika aiko mini da bargo ba?"

"Ko da zaman kwana ɗaya ne nake nufi."

Nan fa ta kama ni. Domin a watan Fabrairun bara Arlys ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar coci, ta karye a idon sawu. Janine na nesa, maƙwabta kowa da aikinsa. Ba wanda ya kira ni, ni ma ban tambayi kowa ba, na ɗauki jakata na tafi. Na kwana a doguwar kujerar falo, na hura murhu, na dafa miyar wake har sau uku saboda ita kaɗai na iya. Da ta samu ta fara dogara sanda, na koma wurin Duane.

"Kwana takwas ne kawai," na ce. "Kuma a kujera."

"Takardar ba ta tambayi kujera ba," in ji Lorna. "Arlys ta ce kowa ya cika tasa takardar harajin bara daban. To, ma'auratan da suka raba takarda, in har sun zauna a gida ɗaya ko sau ɗaya a shekarar, kuma abin da mutum ya samu ya kai dala dubu goma, ba shi da izinin zuba ko sisi a asusun biya-yanzu. Ka zuba dubu takwas. In ka bar su a nan, tara ce, kashi shida cikin ɗari, kowace shekara, har ranar da ka cire su."

"Tsaya, tsaya. Da na bar ta kwance da karaya ban leƙa ba fa?"

"Da kuɗinka na zaune lafiya."

Jama'a, ku taya ni jinjina wa wannan hikima! Wani Babban Mutum, a wani babban ofis mai ɗumi, ya zauna ya yi tunani mai zurfi a kan hanyoyin da ake cutar baitulmali, ya tsallake masu jiragen sama da masu gidaje bakwai, ya gano cewa babban haɗarin shi ne tsohon da zai koma ya dafa wa matarsa miyar wake. Ranka ya daɗe, ban san sunanka ba, amma na cire maka hula. Na mayar da ita kuma, saboda sanyi.

Lorna ta ce hanya biyu ce, kuma gara in zaɓi ɗaya kafin sha biyar ga Afrilu. Ko in cika takardar sauyi, a kwashe kuɗin daga asusun biya-yanzu a mayar da su na biya-daga-baya. Ko kuma Arlys ta yarda mu cika takardar haraji guda tare, a matsayin miji da mata, shi ke nan laifin ya goge da kansa.

"Ta biyun ba za ta yiwu ba," na ce.

"Ka tambaye ta?"

"Ina fa."

Lorna ta ja aljihun teburinta ta leƙa, ta mayar ta rufe. "Bai kamata in faɗa maka wannan ba, kuma in ka ce ni na faɗa zan ƙaryata ka a gaban fasto. Takardun wata mata sun yi sati uku a nan a shirye, hannu kawai za ta sa. Sau biyu tana zuwa, ta sha kofi, ta tambaye ni lafiyar karena, ta tafi."

Na fito ban san ma na bar safar hannuna a can ba.

Da yake ni jarumi ne, sai na zaɓi hanyar da ba sai na haɗa ido da kowa ba. Na koma ɗakin Duane na buga wa kamfanin da ke riƙe da asusun waya. Minti arba'in da bakwai ina sauraron kiɗa, wata murya tana tabbatar mini cewa kirana yana da muhimmanci a wurinsu. Ban ji haushi sosai ba, mun saba. Shekara shida Masu Girma Iyayen Gari suna yi mana alkawarin sabon abin ɗumama motata, duk lokacin zaɓe sai wani ya hau ya zauna a kujerata a ɗauke shi hoto yana riƙe da sitiyari. Kuɗin dai bai taɓa samuwa ba. Amma an samu na ɗauko wani masani daga birni, ya kwana huɗu a otal, ya rubuta rahoto mai shafi sittin a kan dalilin da ya sa gadar bakin kogi take daskarewa kafin sauran tituna. Na karanta shi duka. A taƙaice, sanyi ne.

Daga ƙarshe wata yarinya mai ladabi ta ɗauka. Na yi mata bayani, ta ce ai abu ne mai sauƙi, kullum suna yi.

"Za mu kwashe kuɗin, har da 'yar ribar da suka haifa, mu mayar ɗaya asusun. Sai a rubuta kamar tun ranar farko can ka zuba su."

"Kamar yaya? Ai ba can na zuba ba."

"E, Yallaɓai, amma a takarda za a ɗauka can ka zuba."

"Wato kuskuren nawa fa?"

"Kamar ba ka yi ba."

Na zauna a bakin gado. Ashe akwai irin wannan takarda a duniya, ba a taɓa gaya mini ba! Ka yi abu da hannunka, da rana tsaka, shekara ta zagayo, ka cika shafi ɗaya, hukuma ta buga hatimi ta ce ba a yi ba. Na ce, "'Yata, don Allah, ba ku da irinta ta wanda ya sa hannu a takardar aiki ta shekara uku bai gaya wa matarsa ba?"

Ta yi dariya, sannan ta ji ban yi ba, sai ta ce a hankali, "Wannan ba sashenmu ba ne, Yallaɓai." Ta turo mini takardar sauyin, Duane ya buga mini ita a injinsa.

Shi Duane, da yamma yana soya dankali da albasa, ya saurari labarin duka ya ce akwai hanya ta uku, wadda masu hankali suke bi.

"Ka ce ba ka kwana ba mana. Wa ya gan ka?"

"Duane, motar share ƙanƙara na ajiye a ƙofar gidan. Mai launin ruwan lemo. Da fitila a ka."

"To ka ce aiki kake yi."

"Kwana takwas a titi ɗaya?"

"Titin naku ai bai taɓa yin tsabta irin ta satin nan ba, kowa ya shaida." Ya juye dankalin a faranti. "Kai dai matsalarka, Merle, ba haraji ba ne. Kuma in faɗa maka gaskiya tsakani da Allah, na gaji da kai. Minsharinka yana biyo bututun ɗumama ɗaki har kan gadona. Cewa ka yi sati biyu za ka yi. Na binne mata ɗaya, ɗaya ta gudu ta bar ni, ban taɓa zama da wadda ta daɗe tana baƙin rai a gidana kamarka ba."

Na ce na gode da karamci.

Amma ko da ba wanda ya ga motar, ba zan iya rubuta cewa ban kwana ba. A kwanakin nan ne na wanke wa Arlys gashi a wurin wanke-wanke na kicin, ta sunkuya tana riƙe da gefen tebur, tana yi mini faɗa wai ruwan ya yi zafi, sannan wai ya yi sanyi. A duk shekarar bara ba ni da wasu kwanaki da suka kai su daɗi. Ba zan sa hannu in ce ba a yi su ba don in tsira da dala ɗari huɗu da tamanin.

Ranar Asabar bayan azahar na sa rigar da nake zuwa coci da ita, na ɗauki takardu biyu, ta sauyi da ta haɗin gwiwa wadda Lorna ta cika mini ko da za a dace, na tafi a ƙafa. Na ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ni na kafa ta da hannuna.

Arlys ta buɗe, ta dube ni daga hula har takalmi. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Maganar haraji ce."

"Ka goge ƙafarka."

Muka zauna a teburin kicin. Ta zuba mini kofi ba ta tambaye ni ko ina so ba. Na shimfiɗa takardun na fara bayani, asusun biya-yanzu, asusun biya-daga-baya, kashi shida cikin ɗari, ina yi ina nuna layi da yatsa kamar wanda ya fahimci abin da yake faɗa. Ta bar ni na kai ƙarshe.

"Dubu takwas," ta ce. "Kai da ko safa ba ka sayen sabuwa sai yatsa ya leƙo. Na mene ne?"

Na dubi kofina. "Na tafiya kudu ne. In na ajiye aiki."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Wato kamfanin asusu ya sani. Lorna ta sani. Gwamnati ta sani har tana shirin cin tararka. Duane ma na tabbata ya sani. Ni kaɗai ce ban cancanci a gaya mini ba, ko? Kai wane irin mutum ne, Merle? Laifin ka ɓoye mini, ban-haƙurin ma ka ɓoye mini!"

Na ce, "Na yi kuskure, Arlys. Tsoro na ji. Ban san ko ni wane ne ba in ba na cikin motar nan. Ya kamata ke zan faɗa wa, ba in je in sa hannu ba. Ki yi haƙuri."

Sai ta ja takardar haɗin gwiwar gabanta ta karanta, har da ƙananan rubutun. A gefe Lorna ta liƙa 'yar takarda ta rubuta abin da na gaya mata: ya zauna a gidan kwana takwas, Fabrairu.

"Wannan ƙarya ce," in ji Arlys.

"Wacce?"

"Takwas. Sha ɗaya ne."

"Haba dai. Na zo ranar Lahadi, na tafi..."

"Ka zo Lahadi da yamma da jakarka da tukunyar Duane. Ka tafi Alhamis ta sama da asuba, aka kira ka aiki, ka ninke bargo ka ɗora a kujera, ba ka dawo ba. Sha ɗaya. Na ƙirga." Ta gyara zaman kofinta a kan faranti. "Ranar sha biyu na dogara sanda na dafa kofi na mutum biyu. Na zauna a nan har naka ya huce."

Jama'a, na yi tuƙi a guguwar da ba ka ganin gaban motarka, ban taɓa jin abin da na ji a kujerar nan ba. Ni a zatona ta matsu in tafi. Ashe jira take in zauna, ni kuma ina jira ta ce zauna.

Na ce, "To ki sa hannu mana, mu haɗa. Lorna ta ce in mun haɗa, shi ke nan, kamar ba a yi komai ba."

Ta ture takardar ta dawo gabana.

"A'a. Ba zan sa ba. Su can suna iya buga hatimi su ce abin da aka yi ba a yi ba, aikinsu ne. A gidan nan an yi. Bara ni kaɗai na ci abinci a teburin nan, ban da kwana sha ɗaya, kuma haka zan rubuta. Ka cika takardarka ta sauyi, ka mayar da kuɗinka inda suka ce, su jira ka tsufa su karɓi nasu. Ba su da dogon jira."

Na fara tattara takarduna. Ɗaya ta faɗi ƙasa, na sunkuya ɗauka.

"Wannan ta bara ce," ta ce daga sama. "Ta bana ba a cika ta ba tukuna. Ka riga ka ɓata wata uku a ɗakin Duane, ban san ko nawa kake shirin ƙarawa ba."

Na ɗago a hankali don kada in buge kaina da tebur. "Motar fa?"

"Kai za ka faɗa mini."

"In an share ƙanƙarar ƙarshe ta bana, zan kai musu makulli."

"Litinin za ka je ka faɗa musu. Da bakinka. Ka dawo ka faɗa mini abin da suka ce, ni ma da bakinka, kafin matar shugabanku ta riga ka." Ta miƙe ta ɗauke kofina. "Kuma ka mayar wa Duane tukunyarsa. Wata goma sha huɗu tana tsaye mini a ido."

Na je ranar Litinin. Shugaban ya yi ta kumfar baki, ya ce na karya yarjejeniya, ya ce ba su da direba. Na ce ya nemi ɗaya daga cikin Masu Girman da suka ɗauki hoto a kujerata, ai sun san inda sitiyari yake. Takardar sauyin ma na aika, kuɗina sun koma asusun biya-daga-baya, kuma a rubuce yanzu ban taɓa yin kuskure ba a rayuwata. Akwai wadda ta san ba haka ba ne, a gefenta nake kwana.

Shi kuwa Babban Mutumin da ya ƙirƙiro wannan ƙa'ida, har yanzu ina nan a kan bakana cewa ba ta da kai ba ta da gindi. Sai dai ita ce ta tura ni ƙofar gidana, abin da fasto da Janine da Duane suka kasa. Don haka ina roƙon a ƙara masa girma, a ƙara masa albashi. A dai cire daga harajin wani.